Za A Hau Bisa

Ku yi mini haƙuri, yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, don labarin da ke bakina ba zai jira ba. Masu tambaya ko na tare, amsar ita ce ban tare ba. An ɗaura mini aure tun kafin ruwan farko ya sauka, ga shi an girbe gero har an kai rumbu, ni kuwa ina nan a ɗakin Innata a Illela ina taya ta tsince wake. Gadon ƙarfena yana jingine da bango ba a haɗa shi ba. Tasoshi da kwanonin jeren da Inna ta yi shekaru tana tara mini suna ɗaure cikin buhu, har gizo-gizo ya kafa musu gida. Atamfar da aka ɗinka mini don ranar tarewa, ja mai zanen tsuntsaye, ban san sau nawa na fiddo ta na shinshina na mayar ba. In mata suka shigo ɗiban wuta sai su ce, "A'a, amarya, har yanzu kina nan?" In yi musu murmushin dole in miƙa musu garwashi.

Ba mijina ne ya ƙi ni ba, ba kuma ni na ƙi shi ba. Gidan da za a kai ni ne aka rasa.

Ga wanda yau ya fara bina, ni ce Ummul Khairi, 'yar Malam Maharazu mai makarantar allo ta bayan kasuwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Uwata" yake ce mini, ko yana wasa ko yana faɗa. Mijina kuwa Hammadu ne (kada ku gaya wa Inna ina kiran sunansa gatsal haka), ɗan Jaɓɓo na rugar da ke bakin tafkin Kalmalo. A zaurenmu ya yi karatu yana yaro, kafin a ɗauke shi makarantar boko, daga nan Sakkwato. Da aka samu mulkin kai aka shiga neman 'yan ƙasa da za su karɓi ayyukan Turawa, sai aka zaɓe shi ya tafi Zariya koyon tuƙin jirgin sama. Ba irin manyan nan na alhazai ba, ƙananan nan masu kujera biyu da farfela ɗaya a hanci. Ni dai tun yana rako mahaifiyarsa kawo mana nono nake son sa, ba zan ɓoye muku ba.

A makarantar akwai ɗakunan kwana, amma na samari ne, ba a shiga da mace. Sai Hammadu ya nemi ɗaki a wani gida a unguwar da ke jikin filin jirgin, inda zai iya takawa da ƙafa. Dalili, jiragen koyo da sanyin safiya suke tashi, kafin rana ta yi zafi iska ta fara wasa da su, kuma wanda ya makara wani ake bai wa jirginsa. Malam bai ce a'a ba, bai ce i ba. Sai ya aiki ƙaninsa Bappa Dabo, mai kai albasa Zariya a babbar mota, ya je ya gano masa gidan da idonsa.

Ranar da Bappa ya dawo ina laɓe a bayan asabarin zauren ciki, wai na kawo ruwa.

"Yaya, gida kam gida na," in ji Bappa. "Katanga ta hi tsawon mutum, ga rijiya, matan gidan ma mutanen kirki na. Sai dai hwa..."

"Sai dai mi?"

"Ina tsaye ƙohwar ɗakin ina dibawa, sai ga abin ga ya taho bisa kaina, har sai da nid duƙe. Wallahi Yaya, na ga Baturen da ka ciki, na ga jan gemunai. Ya dube ni, na dube shi. Kahin in hito wasu sun wuce."

Malam ya ce, "Suna hwaɗin za su wucewa?"

"Wa za su hwaɗa ma, Yaya? Jirgi na hwa."

Wanda ba ɗan garinmu ba zai ce tambayar Malam abin dariya ce, to ba abin dariya ba ce. A unguwarmu namiji ba ya hawa soro ko itace ko kan katanga sai ya yi shela. In Yari magini zai yi wa wani yaɓe, tun yana ƙasa zai ɗaga murya ya ce, "Za a hau bisa! Mata a kimtsa!" Mai daka ta jingine taɓarya, mai wanka ta ja zanenta, kowace ta shige ɗaka, kuma ba mai leƙowa sai an ji ya ce, "An sauka!" Da haka na tashi, da haka Inna ta tashi. Malam ya taɓa daina gaisawa da maƙwabcinmu har aka yi salla aka sake yin wata sallar, don kawai ya hau ceɗiya yanko wa akuyarsa ganye bai faɗa ba.

"Gidan da maza ka leƙawa daga bisa tun sahe har marece ba gida ba na," in ji Malam. "Dandali na. Ba ni kai Uwata can."

Amma kada ku ɗauka mugu ne. Da kansa ya aika wa wani abokin karatunsa da ke cikin birnin Zariya, aka ba mu ɗaki a gidansa, gida mai zaure uku, nesa da filin jirgi, inda ko ƙararsa ba a ji. Hammadu bai yi musu ba. Ya kwashe kayansa ya koma can shi kaɗai don ya gwada, ya sayi keke. Kullum yana idar da sallar asuba zai hau, ya ratsa birni, ya tsallake gada, ga damina ga taɓo. Yau taya ta yi faci, gobe sarƙa ta zame. Ya sha isowa jiƙe sharkaf ya tarar jirginsa yana sama da wani ɗalibin a ciki. Daga ƙarshe malaminsa ya kira shi ya ce in ya ƙara makara sau ɗaya, to ya nemi wata sana'a. Sai ya tattara ya koma ɗakin samari, ni kuma na ci gaba da tsince wake.

Ranar Juma'ar da ta wuce waccan ya zo, kwana ɗaya kawai zai yi a gida. Ya ɗora babbar riga a kan farar rigar makarantarsu don ganin idon Malam, amma wuyan rigar yana leƙowa, mai guga kamar takarda. Ya rame, jama'a. Da ma Bafillace ne ba jiki, yanzu kuwa sai hanci da idanu. Na sa lalle, na sa kwalli, na yafa mayafina mai ruwan toka, na same shi a zauren ciki na zauna a bakin tabarma. Muka gaisa kamar baƙi.

"Sun ce in hwaɗi inda za ni zama," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ko ɗakin makaranta, ko waje. In na zaɓi makaranta, ba a sakewa sai na ƙare."

"Yaushe za ka ƙarewa?"

"Shekara biyu."

Shekara biyu! Ni da aure a kaina, a ɗakin uwata, mata suna shigowa ɗiban wuta.

"Ko kuwa in bar tuƙin," ya ce. "In dawo gida. Ana neman malaman makaranta nan ƙasar. Sai mu zamna kusa ga Malam, kowa shi huta."

"Kada ka kuskura!"

Ban san lokacin da muryata ta fita haka ba. Ni na ga fuskarsa ranar da yake ba ni labarin tashinsa na farko shi kaɗai, mutumin da sai a yi yini bai yi magana goma ba, ranar har da hannu yake kwatanta mini yadda gonaki suke komawa kamar faifai. In na raba shi da wannan, da wane ido zan riƙa kai masa tuwo?

"To mi kike so, Ummu?"

"Kai nike so in bi. Amma Malam..."

Hawaye suka hana ni ƙarasawa. Ya bar ni na yi kukana, don shi bai iya lallashi ba, sai dai ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Ba ni tilasta maki ki saɓa ma Malam. Ba ni kuma so ki amsa mani yanzu don kunyar idona. Lahadi ta sama za ni tashi ni kaɗai zuwa Sakkwato, an ce in kai tabkin Kalmalo in juyo. Da hantsi ina biyowa ta bisa gidanku. In na gan ki tsakar gida, na san kin yarda da ɗakin bakin hili, sai in riƙe shi. In ban gan ki ba, ba komi, ina sauka in ce masu na zaɓi makaranta."

Ku ji wauta irin tawa, har daɗi na ji. Na ce a raina wace yarinya ce a duk ƙasar Sakkwato mijinta ya taɓa zuwa mata zance ta sama? Da murmushi na yi masa rakiya zuwa bakin zaure.

Sai da gari ya waye, motar da Hammadu ya bi ta daɗe da tafiya, ina shara, na jiyo matan maƙwabta suna lugude suna dariya ta bayan katanga, na ga Inna ta fito daga makewayi da zane iya ƙirji, sannan tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Lahadi ranar kasuwar Illela ce. Maza duk suna can, har mutanen Ƙonni suna tsallakowa, mata kuwa ranar suke sakewa a tsakar gida, mai wanki, mai kitso kai a buɗe, mai wanka a bayan zana. Kuma ta kansu Hammadu zai ratso, ƙasa-ƙasa yadda zai iya gane fuskata, ba shela ba komai.

Ba da gangan ya yi ba, na rantse muku. A ruga ya tashi, inda ba katanga ba zaure, mahaifiyarsa tana tatsa kowa yana gani kuma ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ya yi karatu a gidanmu, ya ji Yari yana shela, amma abin bai shiga jininsa ba. Shi ni kaɗai yake tunanin gani. Malam kuwa, wanda ya yi fushi daga salla zuwa salla a kan ganyen akuya, me zai yi wa surukin da ya leƙa unguwa sukutum?

Na rasa ta inda zan tsayar da shi. Motar Bappa Dabo tana can kudu ba ta dawo ba. Gidan waya yana Sakkwato, ni kuwa ko ƙofar gida ba na fita. Abinci ya daina wuce mini, sai in tasa kwano in yi ta kallonsa. Ran Alhamis Inna ta ritsa ni a madafa.

"Ke, mi ka damunki? Kin koma awa mai jinya."

Na faɗa mata duka. Ta ajiye muciya ta zauna a kan kujerar tsugunno.

"Tahi ki hwaɗa ma babanki."

"Inna, kashe auren za shi yi!"

"In ya ji daga bakinki, wataƙila. In ya ji daga bisa kainai, babu wataƙila."

Na yi ta ɗagawa har ran Asabar bayan la'asar, da yara suka tashi. Na same shi a zaure yana feƙe alƙalami. Na durƙusa daga bakin ƙofa na fara, ina yi ina sarƙewa, shi kuwa wuƙarsa ba ta tsaya ba. Da na gama ya busa bakin alƙalamin ya duba shi a haske.

"Uwata, aure na ba Hammadu ke, ba aro ba. In mijinki ya ce ki tsaya, ba ni ce maki kada ki tsaya. Amma ki ji da kyau. Gidan ga na bakin hili, ƙahwata ba ta taka shi. Uwarki ma ba ta zuwa, ko ciwo kinka kwanta."

"Baba, don Allah..."

"Ba hushi na ba. Abin da ni hana ma mutane tun kahin a haihe ki, ba ni zuwa in zamna ƙarƙashinai don ɗiyata ta."

"To matan unguwa hwa, Baba? Gobe da hantsi..."

"Tashi ki tahi."

Na tashi. Ni kaɗai ce mace a wurin Inna, sauran duk maza ne. Zariya kuwa tafiyar kwana biyu ce a bayan mota. Na yi ta tunanin ranar da zazzaɓi zai kayar da ni a garin da ban san kowa ba, ba mai dama mini kunu, ba mai taɓa goshina. Na kuma yi tunanin Hammadu yana kewaya gidanmu yana leƙe, ya ga tsakar gida wayam sai kaji, ya juya ya tafi bai ce wa kowa komai ba, don haka halinsa yake.

Ran Lahadi da safe na yi wanka na ɗauko jar atamfar na ɗaura, ni kaina ban san ko don in fita ba ne ko don in yi kuka a cikinta. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ci gaba da tankaɗe. Malam bai tafi kasuwa ba, bai kuma zaunar da yara ba, ya sallame su tun da wuri. Zauren ya yi tsit. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ina kallon itacen bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gidanmu, da turmi, da randunan ruwa. Ta bayan katanga ina jin luguden maƙwabta, wata tana watsa ruwa tana waƙa, wata tana yi wa 'yarta faɗan ta zauna a gama kitso.

Sai na ji shi. Can daga kudu, ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa daga wata unguwa.

Na ce bari ni in yi shelar, ko da za a yi shekara ana zancen 'yar Malam ta ɗaga murya. Na buɗe baki, wallahi ko iska ba ta fito ba. Ƙarar tana ƙaruwa, luguden bai tsaya ba, mai waƙa tana ta waƙarta. Na ce shi ke nan, aurena ya mutu ina kallo.

"Za a hau bisa! Mata a kimtsa! Za a hau bisa!"

Muryar Malam ce, daga waje, irin wadda yake kiran salla da ita in ladan ba ya nan. Ina jinta tana tafiya, ta bi lungunmu, ta karya kwana wajen gidan Yari, ta dawo ta bayan rumbuna. Malam Maharazu, wanda hakimi ke cire takalmi kafin ya shiga zaurensa, yana bin lungu yana yi wa surukinsa aikin magini. Taɓare suka tsaya. Na ji gudu, na ji kwano ya faɗi, na ji wata tana cewa, "Wa za shi hawa? Malam da kainai?" Inna ta suri rariyarta ta shige ɗaka ta wuce ta gabana.

Na rage ni kaɗai. Ban yanke shawara ba, kada in yi muku ƙarya, ƙafafuna ne suka fita da ni. Amma tsoro ya sa na tsaya a gindin bedi na rungume jikina. Ƙarar ta cika gari har kaji suka watse.

"Ke!" Muryar Inna ce ta bayan asabari, tana magana tana jan hanci. "Hita daga gindin iccen ga, shashasha, ba shi ganinki nan! Tahi wajen turmi!"

Na waiwaya. Idonta ɗaya kawai nake gani ta tsagar asabarin, jajir.

"Inna, in na tsaya hwa ba ki zuwa..."

"Na sani. Tahi wajen turmi na ce!"

Na taka na tsaya a rana. Sai ga shi ya ɓullo ta kan katanga, fari, ɗan mitsitsi, abin da ban taɓa zaton zai iya ɗaukar mutum ba. Inuwarsa ta shafe tsakar gidan ta wuce. Na ɗauka bai gan ni ba, sai na ga ya kwanta gefe guda ya kewayo. Wannan karon na ga kansa ta gilashi. Na fizge mayafina na ɗaga shi sama da hannu biyu ina kaɗawa, ina tsalle kamar ƙaramar yarinya, ina kuka ina dariya. Jirgin ya karkata fiffike dama, ya karkata hagu, ya sake, sannan ya miƙe ya nufi kudu. Na bi shi da ido har ya ɓace.

Unguwa ta yi shiru. Kowace tana ɗaka tana jira, wani jariri yana tsala kuka, ƙaurin tuwon wata yana tasowa ta kan katanga. Can na ji Malam daga ƙofar gida ya ce, "An sauka." Muryar ta dushe, sai da ya maimaita kafin a ji.

Ya shigo ya tsaya a bakin zauren ciki. Ba takalmi a ƙafarsa, ashe haka ya fita, rawaninsa ya warware gefe guda yana lilo. Ni ina nan wajen turmi da mayafi a hannu, kaina a buɗe. Na durƙusa ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah ya yi faɗan. Bai dubi inda nake ba.

"Matar Hammadu," ya ce, "a hiddo kayanki a shanya. Dabo na dawowa jibi, motatai za ki bi."

Sai da na waiwaya in ga da wa yake. Ba kowa a tsakar gidan sai ni.